Kawu da Kokon da Ya Yi Baƙi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a Ƙanƙara wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Kukana na riga na yi shi na gama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da kunnuwana suka ji a zaman makoki, wadda in na yi shiru a kanta, to an rufe mutumin nan da ƙarya a kansa ke nan, ni kuma ina kallo.

Gidan ya cika, abin har ya ba ni dariyar takaici. Mutanen da suke sauya hanya in sun hango baburinsa, su ne a sahun gaba na tabarma. Matan da suka yi shekaru suna hana 'ya'yansu karɓar ko ƙosai daga gidan nan, ga su sun naɗe hannun riga suna kai lomar shinkafar sadaka. Kowa ya buɗe baki sai ka ji, "Allah Ya jiƙan Malam, mutumen kirki ne, sai dai baki." Tsofaffin ɗalibansa suna ta tuna sunan da suka laƙaba masa a makaranta, Malam Sitaci, suna dariya ƙasa-ƙasa, sai su tuna a makoki suke, su gyara fuska. Duk wannan na haɗiye.

Ranar sadakar uku uwar mijina ta iso daga 'Yankara, da haƙorinta na Makka da mayafinta mai walƙiya, da wani yaro goye a bayanta. Aka ba ta wuri a tsakiyar ɗaki. Ta yi gaisuwa, ta share idon da babu hawaye a cikinsa, sannan ta ɗaga murya yadda na tsakar gida ma za su ji.

"Ni dai na yahe mashi. Abin da ya yi ma jikana na bar ma Allah. Na yahe, duniya da lahira."

Mata suka ɗauka, "Allah Ya ba ki lada, Hajiya. Kin yi halin manya."

Jikan da take magana a kansa ɗana ne na fari, ni na haife shi. Kuma abin da take nufi kowa a ɗakin ya sani: wai Kawu ne ya kashe shi da sammu. To bari in faɗi yadda aka yi, tunda ina wurin.

Ba zan wanke Kawu tas ba, don shi ma ba zai so ba. Mutum ne mai wuyar zama. Ya yi karatun kimiyyar abinci a Zariya, ya dawo yana koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake cin abinci a gabansa da kwanciyar hankali. In aka ajiye kwano sai ya leƙa, ya taɓe baki. "Tuwo sitaci, koko sitaci, rogo sitaci. Ina waken? Ku mutane ne ko rumbu?" A gidan biki ma haka yake yi, a gaban surukai. Mahaifiyata takan ce in wanta ya zo, cokali ma ɓuya yake.

Amma shi ya sa ni makaranta, bayan ya yi faɗa da mahaifina har suka daina gaisawa na wani lokaci. Kuma a tabarmarsa na koyi abin da babu shi a littafin firamare. Ya taɓa ba ni ɓallin tuwon dawa ya ce in yi ta taunawa, kada in haɗiye. Na tauna har muƙamuƙina ya gaji, sai na ji zaƙi-zaƙi ya fito. Ya ce sitaci ba komai ba ne illa sukari da aka ɗaura da juna kamar duwatsun wuya a zare, yawu ne yake tsinka zaren. Saboda haka wanda ya ci tuwo, ya kora da koko, ya ƙara da rake, abu ɗaya ya ci sau uku. Ya ɗiga man gyaɗa a takarda ya ɗaga ta sama, wurin ya zama ana hango haske ta ciki, ya ce haka ake gane mai a abinci, kuma mai ajiya ne, jiki yana ɓoye shi don ranar babu. Sannan ya fasa ƙwai a kasko, farin ya daskare muna kallo, ya ce in mayar da shi ruwa in na isa. Wannan shi ne furotin, wuta tana sauya shi ba ya komawa, kuma shi ne yake kama jikinsa in madara ta yi tsami ta zama kindirmo.

"Sitaci da mai itacen wuta ne," in ji shi. "Furotin kau tubali ne. Babba ya gama gininshi, itace kawai yake nema. Yaro kau gini ake. Kin taɓa ganin an ɗaga ɗaki da itacen wuta?"

Yana da wata kwalba ƙarama ta aidin, irin wanda ake shafa wa rauni a asibiti, kullum tana aljihun rigarsa. In ya ɗiga shi a kan duk abin da yake da sitaci sai wurin ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, in kuwa a kan farin ƙwai ne ko nama, ba ya yin haka. Da ita yake burge ɗalibai. Yana son kwalbar nan fiye da kima, don tana ba shi abin da ya fi ƙauna a duniya, wato ya ci gardama.

Aka yi mini aure a Sheme daidai lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane haukan da aka yi ba. Ciwo ya riga ya cinye gyaɗa a gonaki, samari suka ajiye fartanya suka nufi birni. Mijina ya samu tuƙin tifa a wurin masu gina hanya a Kaduna, ya biya wa uwarsa Makka, kuma duk ƙarshen wata sai ga katan-katan an sauke a gidanta na 'Yankara: sukarin kwali, madarar gwangwani, shinkafa 'yar waje, lemon kwalba, burodi har ya yi funfuna. Wake ya zama abin kunya, abincin wanda ɗansa bai samu aiki ba. Ƙuliƙuli kuwa sai a watsa wa awaki.

Kawu ya kusa haukacewa. Ran kasuwar 'Yankara yakan tsaya inda ake awon hatsi, ya ga manomi ya sayar da wakensa ya nufi teburin mai burodi, sai ya tare shi.

"Kai wane irin wawa ne? Ka saida tubali ka sayo kara! Ɗiyanka mi za su ci?"

Ba wanda yake son a kira shi wawa a tsakiyar kasuwa, ko da gaskiya ce. Yakan bi masu tuyar ƙuliƙuli yana gaya musu cewa man da suka matse ba shi ne albarkar gyaɗa ba, abin da ya rage a tunkuza shi ne. Yakan ce hatsi da wake kowanne furotin ɗinsa da giɓi, amma giɓin wannan yana wurin wancan, shi ya sa iyayenmu suke haɗa su a tukunya ɗaya tun ba su san dalili ba. Mutane suka riƙe zagin, suka watsar da karatun. Ga shi kuma yana shiga ƙauyukan Maguzawa sayen ƙwan zabi, ya zauna ya yi hira da su, aka fara cewa ba ƙwai kaɗai yake karɓowa ba.

Ɗana bai kai lokacin yaye ba na samu wani cikin. Nan da nan aka ce nonona ya ɓaci, aka ɗauke shi aka kai wa Hajiya a 'Yankara ta yaye shi, kamar yadda aka saba. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san dokar: ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na tambayar lafiyarsa. In na tambaya, a ce ba ni da kunya. Har yau in na tuna wannan al'ada sai in ji ɗaci a bakina. Labari dai yana zuwa mini a bakin 'yan kasuwa, wai yaro ya yi ɓulɓul, kumatu sun cika, Hajiya ta iya kiwo.

Wata ran kasuwa na fake da sayen kayan miya na shiga gidan. Na same shi zaune a gindin turmi, ba ya wasa, ba ya kuka sosai, sai wani ƙugi-ƙugi kamar ɗan mage. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ƙafafunsa sun kumbura suna sheƙi, fatar cinyarsa tana saɓulewa. Na san wannan ba ƙiba ba ce, don Kawu ya taɓa kwatanta mini: furotin da yake cikin jini shi yake riƙe ruwa a jijiya, in ya yi ƙaranci sai ruwan ya tsiyaye cikin tsoka, yaro ya cika kamar salka alhali yunwa ce take cinsa. Ba ni da bakin gaya wa uwar miji haka. Na durƙusa na gaishe ta, na fito, na ba direban motar Ƙanƙara saƙo zuwa ga Kawu.

Kasuwa ta zagayo, na sake zuwa, shi ma sai ga shi a kan babur, da ƙwaryar ƙwan zabi a ɗaure a baya da ƙullin garin ƙuliƙuli. Ya yi sallama a taƙaice, ya wuce wurin yaron, ya danna babban yatsansa a kan ƙafar. Da ya ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba.

"Hajiya, mi kike ba yaron nan?"

"Mi kau ban ba shi? Koko da sukari har ƙwaya huɗu. Burodi. Shinkafa 'yar waje. Lemo in ya yi kuka. Jikana ba ya cin abincin talakawa, Malam."

"Madarar da ubanshi ke aikowa fa?"

"Ta shayin maigidana Alhaji ce. Yaron da aka yaye mi zai yi da madara, so kake ya tuna nono?"

"To ga ƙwai na kawo. A dahwa mashi ɗaya yanzu, a dama wanga gari cikin kokon."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ƙwai? Yaro ya ci ƙwai ya tashi ɓarawo? Mu ba mu gaji sata ba a gidan nan. Kuma wa ya hwaɗa maka ciwo gare shi? Ƙiba ce, idonka ne bai saba ganin ɗan hutu ba."

A nan ne nake jin haushin Kawu, kuma ban daina ba. Da ya sassauta murya, da ya ce mata magani ne likita ya aiko, da ya bari ta shiga ɗaki ya ba matar ƙanen mijina ƙwan ta dafa a ɓoye, da an wuce wurin. Amma an ce idonsa bai iya gani ba, shi kuwa ba a gaya masa haka ya ƙyale. Na ga hannunsa ya tafi aljihu.

"Kawo kokon nan in nuna maki abin da ke ciki."

Ya ɗauki kwanon yaron daga kan tabarma, ya ɗiga aidin. Farin koko ya yi baƙi ƙirin a gaban kowa, baƙin yana yaɗuwa yana bin gefen kwano. Nufinsa ya fasa ƙwai a gefe ya ɗiga, su ga shi bai yi baƙi ba, sannan ya yi bayanin sitaci da furotin kamar yadda yake yi a aji. Bai kai nan ba. Hajiya ta ƙwalla ƙara ta suri yaron.

"Sammu! Jama'a ku taho, ya sa ma jikana sammu a abinci ina kallo!"

Kafin ka ce me, gida ya cika da 'yan kasuwa. Kawu yana ta ihu, "Aidin ne, jahilai! Wanda ake sa maku a gyambo!" Da ya ga ba mai saurare, ya kafa kai ya shanye baƙin kokon tas, ya kife kwanon. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wani dattijo a bakin zaure ya ce, "To ai mai abu yana da makarinshi." Shi ke nan. Aka tura masa baburinsa waje, aka watsa ƙwan a juji, na tsaya ina kallon kaji suna tsattsage su.

Washegari Hajiya ta ɗauki yaron ta tafi da shi wani ƙauye a bayan Sabuwa, wurin mai maganin da aka ce ya iya karya sammu. Shi kuma ya ce kada a ba yaron nono, kada a ba shi mai, kada a ba shi nama, sai abin ya fita. Aka bar shi da farin koko da jiƙe-jiƙen da suke sa shi zawo.

Abin da masu cewa "sai dai baki" ba su faɗa a makoki ba shi ne abin da Kawu ya yi bayan haka. Damina ce, kuma wanda ya san hanyar Sabuwa ya san abin da nake nufi. Ya bi su a kan babur, ya faɗi a laka, ya tura, ya isa da wani ƙwan a cikin hularsa, aka hana shi shiga. Ya koma, aka fito masa da sanda. Ya je wurin mai garin, aka ce maganar cikin gida ce. Ya hau mota har Kaduna ya samu mijina a wurin aiki, mijina ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba ni iya ƙetare maganar Hajiya." Abin da Kawu ya kira shi a gaban abokan aikinsa ba zan rubuta ba, amma ya dace da shi.

Kafin a fara girbin gero aka aiko Sheme cewa yaro ya koma. A can aka rufe shi, ban ga gawarsa ba. Mata suka zo suna ce mini in yi haƙuri, kuma kada in yi kuka da ƙarfi, ɗan fari ne, a ji kunya. A bayan idona kuwa suna cewa kawunta ne, a gaban mutane ya yi, ai an ga kwanon.

Daga nan sunan ya bi shi. Matarsa tana tuyar ƙosai, aka daina saye. In ya ba yaro alewa, uwar ta ƙwace ta jefar. Bai taɓa kare kansa ba, sai dai ya ƙara zafi, ya ƙara zagi, har 'yan'uwa suka rage zuwa. Kwalbar ce kawai ban sake gani ba.

Cikin da nake da shi na haifi mace. Da ta isa yaye, ana shirin kai ta 'Yankara, sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Kawu ya shigo ko zama bai yi ba, ya ce wa mijina, "Wagga ni za ni yaye ta. In kana da magana, hwaɗe ta yanzu ina kallon idonka." Mijina ya miƙa masa yarinyar. Aka yi ta dariya daga Sheme har Faskari, wai namiji da gemu ya zama kakar yaye. Shi kuwa da kansa yake tsugunawa gaban murhu, ya dama kunun gyaɗa, ya murje wake ya cire ɓawon, ya farfasa ƙwai a ciki, ya ɗiga man ja, yana ba ta yana yi mata faɗa kamar ɗaliba. "Haɗiye, tubali ne." Haka ya yi wa ƙanenta da ya biyo baya. Ga su nan suna tsalle a tsakar gida, ba wanda ya taɓa ɗauke wa wani ko allura.

Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta na je duba shi da rana, na same shi a zaure ya rame, bakin nan ya yi sanyi. Tun rasuwar yaron bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ran nan, yana kallon bango, ya ce, "Ƙwan ya kamata in hwara ba shi. Na tsaya nuna ma tsohuwa na hi ta sani." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ban lallashe shi ba, don gaskiya ya faɗa, kuma bai taɓa son a shafa masa mai a baki ba. Wannan shi ne laifinsa, iyakarsa ke nan, kuma ni kaɗai nake da hakkin yafe shi. Na yafe masa a zauren nan. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ginin da ya yi a jikin 'ya'yana ya zame masa haske a kabari. Amma wadda ta hana yaro abinci har ya mutu, sannan ta zo gidan mutum tana rabon yafiya, ita wa zai yafe mata?

Ina zaune ina jin mata suna sa wa Hajiya albarka, sai ta kwance goyonta ta ajiye a gefe. Ɗan ƙanen mijina ne, an kai mata yaye. Ta ciro burodi a jaka ta tsoma a lemo ta miƙa masa, ya kawar da kai. Na dubi gashin, na dubi ƙafafun. Na matsa na danna yatsana, ramin ya zauna.

Ban yi mata bayanin komai ba. Na tashi na shiga madafa, matar Kawu ta dube ni sau ɗaya ta miƙo mini ƙwai daga cikin ƙwarya. Na dafa, na ɓare, na murje shi a cikin kunun gyaɗan da aka dama wa baƙi. Na dawo tsakiyar ɗakin na ɗauki yaron na ɗora a cinyata, a gaban duk masu sa albarka. Ya karɓi cokali na farko da ƙyar, na biyu ya buɗe baki da kansa. Sai Hajiya ta hango gwaiduwa a bakin cokalin.

"Ke! Mi kike ba shi? Ƙwai ne? So kike ya tashi ɓarawo?"

Tunda aka kai ni gidansu ban taɓa ɗaga ido na dubi matar nan ba. Ran nan na dube ta.

"Ya tashi ɓarawon, Hajiya. Ya dai tashi. Nawa da bai ci ba, yana ina?"

Na ɗebo wani cokalin, yaron ya buɗe baki.